Hanyar da Auta Ya Duba

Shafi na 23

Masu cika min waya da saƙon cewa na faye ɗaure wa Auta gindi, ku karanta wannan tukun. Ni da na rubuta shi ma sai da na kife wayar na fita tsakar gida na sha iska.

* * *

"Sa takalminka, Auta. Rakiya za ka yi min."

Auta ya ɗago daga gaban kwamfuta, inda ya kusa manna hancinsa da gilashin.

"Ina za mu, Yaya?"

"Inda Mai Turare ya faɗa."

Ya janye hannunsa. Har ƙarar maɓallan da yake dannawa ta tsaya.

Tun ranar da Mai Turare ya faɗa ramin kwalbati ya karya ƙashin baya, Malama ba ta ƙara samun kanta ba. Ita ce mai koyar da kwamfuta a cibiyar makafi, ita ta kawo musu manhajar nan mai faɗa wa makaho hanya a kunne, wadda ɗalibai suka laƙaba wa 'Yar Rakiya. Ƙa'idar aikin ɗaya ce, kuma da bakinta ta kafa ta: ba a saka hanya sai mai ido ya taka ta da ƙafarsa, ya ga kowane rami da kowace kwana, sannan a mayar da bayaninsa magana. Mai idon nan kuwa ƙaninta ne, Auta. Yanzu ga shi hanyar da suka saka ta kai mutum rami, cibiya ta ce Malama ta zauna a gida sai an neme ta.

"Wane irin zuwa kuma?" Auta ya ce. "Ai an gama magana. Na faɗa wa Shugaba, na faɗa wa kwamiti. Masu haƙa ramin ne suka sare bishiyar da na sa alamar juyawa bayan na bi hanyar."

"Na ji ka faɗa."

"To?"

"To hannuna bai ji ba."

Daga kan tabarma mijinta ya yi dariya ƙasa-ƙasa. Shi ma makaho ne, gyaran rediyo yake yi da lalube, shi ya sa kowa ke ce masa Injiniya.

"Auta, tashi kawai. Shekara nawa kana tare da ita ba ka san halinta ba? Ko ni da za a ce mata na mutu, sai ta shafa hancina za ta yarda."

"Allah ya shirye ka," Malama ta ce, ba ta ko murmusa ba.

"Amin. Ni ma in na rufe rediyon nan asibiti zan leƙa, na gaida Mai Turare. Kunya ta ishe ni, kowa ya je ban da ni."

"Ka bari mu dawo mu tafi tare."

"Kafin ku dawo an rufe ƙofar masu dubiya. Ba ga 'Yar Rakiya ba? Shekaranjiya Auta ya saka min hanyar, sabuwa fil. Sai dai kada ki kira ni, kin san ba ta son katsalandan."

Gaskiyarsa. In tana jagora ba ta barin kira ya shigo. Malama ce da kanta ta sa aka yi hakan, tun ranar da waya ta yi ƙara a kunnen wata ɗaliba tana tsakiyar titi.

Ta ɗauki sandarta.

"Auta, ina jiran ka."

* * *

Motar haya cike take. Aka tausaya wa Malama aka ba ta gaba, Auta ya matsu can kujerar baya.

Ba ta jin hirar kowa. Muryar matar Mai Turare ce kawai ke yawo a kanta.

Mutumin nan da girmansa ciwon suga ya tafi masa da ido. Ya rufe shago, ya shige ɗaki, ya ce shi da waje sai ranar da aka ɗauke shi. Malama ce ta yi ta sintiri gidansa, yau lallashi gobe faɗa, har ya yarda ya riƙe sanda. Ranar da ya fara zuwa cibiya shi kaɗai, kwalbar turare ya kawo mata yana kuka.

Da ta je asibiti kuwa, matarsa a bakin ƙofa ta tare ta.

"Da kin bar min shi a ɗaki, da yanzu da ƙafarsa yake zuwa bayi."

Magana ɗaya ke nan, ko zagi babu a ciki. Amma da zagin aka yi mata da ya fi sauƙi.

Direba ya taka burki ya ja tsaki.

"Dubi cunkoso don Allah! Tun daga bakin asibiti ya faro."

"Me ya faru can?" wani fasinja ya tambaya.

"Ba gadar sama ba? Tun da tifa ta dake ta aka cire tsakiyarta, kowa ta ƙasa yake tsallakawa. Matakalar na nan tsaye abinta, ka hau ka iske sarari. Wani ɗan jan ƙyalle suka ɗaura, wai shi ne gargaɗi."

Injiniya ya faɗo wa Malama a rai. Sai kuma ta tuna shekaranjiyan nan Auta ya je can, ba yadda za a yi ya saka wa Injiniya gadar da babu. Ta bayan asibitin ma akwai fitilar tsallaka titi. Ta waiwaya za ta tambaye shi, kwandasta ya bubbuga jikin mota, an iso.

* * *

Suna sauka ta sa abin sauraro a kunne ɗaya ta kunna 'Yar Rakiya.

"Kashe ta mana, Yaya. Ba ga ni ba?"

"Abin da ya ji nake so na ji."

Muryar ta fara, a natse kamar kullum:

"Katanga tana hannun dama. A bi ta har sanda ta taɓa bishiya. A gindin bishiyar a juya hagu."

Kalmominta ne. Ita ta zauna ta tsara su daga bayanin da Auta ya kawo mata.

Ta kama gwiwar hannunsa suka fara tafiya. Tun tana budurwa, shi yana ɗan firamare, da wannan gwiwar hannun take yawo. Ta san shi da sauri da surutu. Yaya ga rami, Yaya ɗaga ƙafa, Yaya wata mata ta wuce da ɗaurin ɗankwali kamar za ta tashi sama. Yau kuwa ko tari bai yi ba.

Sandarta ta daki bakin wani dakali.

"Ba ka ce min akwai hawa ba."

"Yi haƙuri, hankalina ne ba ya nan."

Suka ƙara gaba. Sai ji ta yi garam! Ƙarfe ya kife, wani mutum ya taso da masifa.

"Kai malam! Babur ɗin da girmansa ba ka gani ba? Ita ce makauniyar ko kai?"

"Yi haƙuri, yi haƙuri."

Ta ji yana kiciniyar tayar da babur ɗin, numfashinsa sama-sama. Da ya dawo ta miƙa hannu, sai da ya laluba sau biyu kafin ya sa mata gwiwar. Suka ci gaba.

"A ci gaba da bin katanga har sanda ta taɓa bishiya."

Katanga ta yi ta tafiya, bishiya shiru. Can ta fara jin warin jiƙaƙƙiyar ƙasa da ƙarar shebur, iska ta canza a fuskarta. Wani abu mai laushi ya shafi cinyarta, ta kama ta murza.

Ƙyalle.

"Wane launi ne?"

"Ja... ina jin ja ne."

"Ja ko fari, ga Mai Turare duk ɗaya."

Ta miƙa sanda gaba, sanda ba ta taɓa komai ba. Ta ƙara miƙawa ƙasa har hannunta ya ƙare, ba ta sami ƙasan ba. Nan bawan Allah ya zo yana neman bishiya, yana cewa a ransa Malama ba za ta yi min ƙarya ba.

"Kin gani ko, Yaya? Mu koma."

"Ina kututturen?"

"Na me?"

"Bishiyar da aka sare. Ai ba ta tashi sama ba."

"Wataƙila sun tuge shi."

"Wataƙila."

Ta saki hannunsa ta juya baya ita kaɗai. Wannan karon ta bar jikin katanga, ta dinga share ƙasa da sanda, dama da hagu, a hankali. Masu wucewa na kaucewa. Auta na biye da ita yana ta Yaya don Allah, Yaya mutane na kallon mu.

Sanda ta ce ƙwas.

Ta durƙusa, zaninta a ƙasa, ta ɗora tafin hannu biyu.

Itacen da aka sare kwanan nan kowa ya san shi. Yana da danshi, yana da ƙamshi, garin zarto na zube a gindinsa, bakinsa da kaifi. Wannan kuwa samansa sumul, zaman mutane ya goge shi. Ta tura yatsa tsakiya, ya burma, gara ta gama da cikin. Ta shafa gefe, hannunta ya kama wani tsiro da ya fito daga gindin. Ta bi shi sama, ta bi shi, har sai da ta miƙe tsaye. Ya kai mata kafaɗa, kaurinsa ya fi babban yatsanta.

"Auta."

"Na'am."

"Zo ka taɓa."

"Yaya..."

"Na ce zo ka taɓa!"

Ya matso. Ta fizgo hannunsa ta ɗora a kan tsiron.

"Wannan a sati biyu ya fito?"

Ya yi ƙoƙarin zare hannunsa.

"Ina tambayar ka. Wannan reshen, a sati biyu ya yi wannan girman?"

"A'a."

"Bishiyar nan ta fi shekara da sarewa. A ina ka gan ta tsaye?"

Ta ji ya ja da baya.

"Kada ka sa na ɗaga murya a titi. A ina ka gan ta?"

"A hoto."

"A me?"

"Hotunan tituna na cikin taswira. A kwamfuta."

Ta zauna a kan kututturen.

"Ba ka zo nan ba."

"Ban zo ba."

"Ka zauna a kujera, ka kalli tsohon hoto, ka zo ka ce min Yaya na taka da ƙafata."

"E."

"Ka tsaya gaban kwamiti ka rantse."

"E."

"Matar nan ta tare ni a bakin ƙofa, kana tsaye a bayana kana ji."

"Yaya, wallahi..."

"Kada ka kira sunan Allah! Lalaci ne? Rana ce ba ka so? Da ka faɗa min ka gaji, ai da na nemi wani. Mutum yana can kwance ana juya shi kamar jariri, saboda kai ba ka iya taka titi ɗaya ba?"

Ta ji ya zube a gabanta, gwiwoyinsa sun daki ƙasa.

"Ko na zo ba zan gani ba."

"Me ka ce?"

"Ko na zo, Yaya, ba zan gani ba."

Masu shebur suna ta aikinsu. Wata mota ta wuce da kiɗa.

"Maimaita."

"Irin naki ne." Muryarsa ta karye. "Yadda kika ce naki ya fara. Gefe-gefe ya fara tafiya. Yanzu kamar ta ramin makulli nake leƙen duniya. In na kalli fuskar mutum ba na ganin ƙafarsa, in na kalli ƙasa ba na ganin mota. A kwamfuta ne kawai nake iya ƙara girman abu na bi shi kaɗan-kaɗan."

"Tun yaushe?"

"Tun bara ya yi tsanani."

Sai abubuwa suka dinga dawo mata ɗaya bayan ɗaya. Babur ɗinsa da ya jingine ya ce inji ya buga. Kofin shayin da ya yi ta turewa har Injiniya na tsokanar sa ko soyayya ce. Yadda ya daina ce mata wannan mayafin bai shiga da zanin ba. Da jan ƙafar nan. Ita da ke gane sabon makaho daga takunsa tun yana bakin ƙofar cibiya, ƙaninta ya shekara yana jan ƙafa a gefenta ba ta ji ba. Wannan ya fi komai yi mata ciwo.

Ta miƙa hannu ta sami fuskarsa. Jiƙe take sharkaf.

"Matarka ta sani?"

"Ba wanda ya sani."

"Likita fa?"

"Na je sau ɗaya. Ya tambaye ni ko akwai mai irinsa a gidanmu. Ban koma ba."

"Me ya hana ka faɗa min? Ni? Duk duniya wa ya fi ni sanin abin nan?"

"Ta yaya zan faɗa miki?" Ya fashe da kuka sosai, ƙato da shi, mai 'ya'ya biyu. "Ranar da Inna za ta rasu hannuna ta kama ta ɗora a kan naki. Ta ce Auta kai ne idonta. Tun ina yaro abin da na iya ke nan. In ba ni da ido, ni wane ne a wurinki? Wa zai riƙe wa?"

Tausayi ya taso mata. Amma fushin ya riga shi fita.

"Riƙe sanda ka ji tsoro."

"Yaya..."

"Sanda ka ji tsoro, Auta! Ka gwammace bawan Allah ya faɗa rami da a gan ka riƙe da ita. Ashe duk shekarun nan abin kunya kake rakawa? Ni da nake tsayawa gaban aji ina ce wa mutane makanta ba mutuwa ba ce, kana gefe kana gyaɗa kai, ashe a ranka gawa kake ja?"

"Ba haka ba ne."

"To yaya ne?"

Ta riƙe kansa a cinyarta, tana shafa shi duk da haushin. Ba ta san wanda za ta fara yi wa kuka ba, shi ko na asibiti.

Can ta share fuska da bakin mayafi.

"Gobe za mu je wurin Shugaba. Da bakinka za ka faɗa."

"Za su kore ni."

"Za su kore ka. Daga nan mu wuce wurin matar Mai Turare. In ta tofa mana yawu mu tsaya ya bushe. Sannan ka zo aji ka zauna a benci kamar kowa, na koya maka sanda."

Ya gyaɗa kai a cinyarta.

"Yanzu faɗa min. Hanya nawa ka yi wa haka?"

Ya ɗago kai daga cinyarta.

"Auta. Ban da wannan, guda nawa?"

"Duk... duk na bana."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ta kasuwa?"

"E."

"Ta makarantar yara, wadda mai jegon nan ke bi da goyo?"

"E."

"Tashi. Tashi maza, cibiya za mu. A kwamfutar ofis kaɗai ake iya cire su. Ko Shugaba ya so ko ya ƙi, yau sai an rufe..."

Wayarta ta yi ɗan ƙara a kunnenta. Ita da mijinta sun haɗa wayoyinsu, duk wanda ya kama hanya ɗayan zai ji.

"Injiniya ya sauka daga mota. Ya kama hanyar asibiti."

Ta damƙi kafaɗar Auta.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

"Hanyar asibiti. Shekaranjiya."

Ya kama bakin zaninta.

"Ka ce min ka je. Ka ce min wannan ɗaya dai ka je."

"Na yi niyya, wallahi na yi niyya. Na fito har bakin titi, motoci suka..."

"Ta ina ka bi da shi? Ta baya, wurin fitila?"

"A'a. Na ga fitilar da haɗari, motoci ba sa tsayawa. Na zaɓa masa wadda ta fi aminci."

"Wacce?"

"Ta gadar sama."

Ba ta san lokacin da ta ture shi ba. Ta lalubo lambar mijinta ta danna.

"Wanda ake kira yana kan hanya. Ba ya karɓar kira sai ya isa."

Ta sake dannawa.

"Wanda ake kira yana kan hanya."

"Yaya mene ne? Me ya sami gadar?"

"Babu tsakiyarta! An cire! Direba ya faɗa muna mota!"

"Wayyo Allahna..."

"Tsayar mana da babur! Kowane ne! Auta, tsayar da wani!"

Ta ji shi ya zabura ya yi bakin titi, yana ihu yana ɗaga hannu ta inda babu kowa. Babura na wucewa ta ɗaya gefen. Ba ya ganin su.

Ta miƙe, sanda ta suɓuce ta gangara. Ta ji ƙararta can ƙasan ramin.

"Jama'a ku taimaka! Wa ke da ɗan'uwa a bakin asibiti? Akwai makaho mai farar sanda, a tare shi! Don Allah a tare shi!"

Masu shebur suka tsaya. Wani ya ce me ta ce, wani ya ce wace gada.

Ta danna kiran a karo na uku, tana faɗin sunan da ba ta taɓa kiran sa da shi a gaban mutane ba.

Kiran bai shiga ba. Muryar ce ta dawo, a natse, da kalmomin da Auta ya rubuta:

"Injiniya ya iso gindin gada. Matakala tana gabansa. An duba wannan hanya, babu haɗari."